Yadda ake shirya mota mai ƙwanji don tseren rubu'in mil

A Amurka akwai wani tseren mota da babu kwana a cikinsa, babu zagaye. Motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba su hannu, su miƙe santal har rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402. Can suna ce masa dirag. Ƙungiyar da ke riƙe da ragamarsa ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951 don a janye samari daga tsere a titin jama'a a kai su fili mai shinge da doka.

Motocin da suka yi suna a wannan fage su ne waɗanda Amurkawa ke wa kirari da masu ƙwanji: jiki matsakaici, ƙaton injin mai silinda takwas, tayoyin baya ke tura su. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan cewa ita ta buɗe ƙofa. Bayanta aka yi irin su Chevelle SS 454 ta 1970 mai ƙarfin doki 450, da motocin Dodge da Plymouth masu injin Hemi 426. Waɗannan yau sun zama kayan ajiyar masu hannu da shuni, da wuya ka ga wanda zai kusanto su da wutar walda. Shi ya sa zan yi misali da motar da talakan ɗan tsere ya fi taɓawa: Ford Mustang ƙirar Fox, wadda aka yi daga 1979 zuwa 1993, musamman ta 1987 zuwa sama mai injin lita 5.0 da ƙarfin doki kusan 225. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce Mustang ba 'yar gidan masu ƙwanji ba ce, 'yar maƙwabta ce. Mu bar musu gardamarsu. Abin da ya yi aiki a kanta zai yi a kan Camaro da Nova da Chevelle, sunayen kayan ne kawai za su canja.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne fara zuba kuɗi a injin. Ya ƙara doki ɗari, ya zo layi, fitila ta kama, tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, wata mota mai rabin ƙararsa ta wuce shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Aikin nan daga bayan mota ake faro shi, a bi shi gaba-gaba, injin ya zo ƙarshe.

Mataki na farko: yanke lokacin da kake nema, ka auna inda kake

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka tsayar da sakan nawa kake so motar ta yi, domin kowane lokaci da dokarsa da kuɗinsa. A ƙa'idar NHRA ga tsofaffin motoci irin wannan, da zarar ka kai sakan 13.99 sai da hular kwano mai shaidar inganci. A sakan 11.49 sai an kafa ƙarfen kariya a bayan direba, tare da bel na tsere mai madauri biyar. A 9.99, ko gudun mil 135 a awa, sai cikakken kejin ƙarfe da lasisin tsere. Motar da ta kai mil 150, kusan kilomita 241 a awa, sai an ɗaura mata laimar tsayawa. Littafin dokar ana sabunta shi duk shekara, don haka ka nemi na bana. A ganina wanda ke son motar da zai je kasuwa da ita ranar Juma'a ya yi tsere da ita ranar Asabar, ya tsaya tsakanin sakan 11.50 da 12.50. Ƙasa da haka wata rayuwa ce daban.

Daga nan ka kai motar fili yadda take, ranar gwaji. Mustang 5.0 da ba a taɓa ba tana yin sakan 14 da wani abu. Bayan kowane gudu za a miƙo maka 'yar takarda, kuma ita ce malamarka daga yau. Tana nuna saurin tashinka bayan fitila, da lokacin da ka ci ƙafa 60, da 330, da rabin hanya a ƙafa 660, da 1,000, da ƙarshe, tare da gudun da ka fita da shi. Lamba biyu za ka fi sa wa ido. Gudun ƙarshe shi ke faɗin gaskiyar ƙarfin injin. Lokacin ƙafa 60 kuwa shi ke faɗin ko ƙarfin ya isa ƙasa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: 'yan tsere sun daɗe da lura cewa duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a ƙafa 60 na farko, yakan zama ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen layi.

Ka kuma tabbatar motar lafiyarta ƙalau. A gwada matsin kowace silinda, a duba matsin baƙin mai, lagireto, birki, da duk inda ke yoyo. Injin da ke shan mai tun yanzu, ƙarin ƙarfi ajalinsa kawai zai matso da shi.

Mataki na biyu: taya

Babu kuɗin da ke dawo da riba kamar na taya. Tayar titi an yi ta ne don ta daɗe ta kuma kori ruwa, robarta da tauri. Ta tsere robarta da laushi, idan ta ɗumama sai ta yi danƙo ta manne wa kwalta. Iri biyu ne. Akwai radiyal ta tsere, irin Mickey Thompson ET Street ko Nitto 555R, wadda ake iya hawa titi da ita idan ba a ruwa. Akwai kuma silik, mara zane sam, mai laushin gefe, wadda za ka ga gefenta ya yamutse lokacin tashi. Yamutsewar nan ita ke shanye bugun farko, shi ya sa silik ta fi dacewa da mota mai giyar hannu, radiyal kuma ta fi jituwa da atomatik.

Ka sa rim mai inci 15 a baya don tayar ta samu gefe mai tsawo. Iska kuma ba irin ta titi ba ce. Radiyal ana farawa da ita wajen fam 18 zuwa 20, silik wajen 12 zuwa 14, sannan a riƙa ragewa da fam ɗaya ɗaya ana duba takarda. Da zarar lokacin ƙafa 60 ya daina sauka, ko motar ta fara rawa a ƙarshen layi, ka koma inda ka baro. Tayoyin gaba a cika su da iska sosai don su rage ja. Wannan sauyi kaɗai yana iya sauke lokacin ƙafa 60 daga sakan 2.1 zuwa kusan 1.7.

Gargaɗi ɗaya: silik a baya da radiyal ta titi a gaba ba sa shiri, motar takan yi lilo a babban gudu. Idan silik za ka sa, ka nemi siraran tayoyin gaba irin nata.

Mataki na uku: shasi da shokzoba

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin ha'inci.

Mustang Fox ba ta da shasi guda mai tafiya daga gaba zuwa baya. Gaba da guntunsa, baya da nasa, farantin ƙasan mota ne ke haɗa su. Da taya ta fara kamawa, bodin zai fara murɗewa, har ka ga ƙofa ta daina rufuwa daidai. Maganinsa ƙarafa biyu ne da ake waldawa a ƙarƙashi su haɗa gaba da baya. A walda su motar na tsaye a kan tayoyinta, nauyinta na kanta. Idan aka yi waldar tana rataye a jak, an daskarar da ita a karkace ke nan har abada.

Sai aljihunan ƙarfen da hannuwan aksul ɗin baya ke ɗaure a jikinsu. A wannan mota sun yi ƙaurin suna wajen yagewa. A ƙara musu faranti a walda tun kafin su tsage. Hannuwan kansu, guda huɗu, na kamfani ƙarfe ne mara kauri da bushin roba mai laushi, kuma su ke jawo tsallen taya, wato ka ji baya na bugawa dam-dam-dam lokacin tashi. Wannan tsalle shi ke karya aksul da giya. Duk lokacin da ka ji shi, ɗaga ƙafarka nan take. A canja hannuwan da masu ƙarfi, na sama su zama masu ɗauri don a iya saita kusurwar da farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke haɗuwa da aksul. Ana barin hancin aksul ya ɗan sunkuya da digiri biyu zuwa uku, saboda idan ƙarfi ya zo zai ɗago da kansa ya daidaita.

Abin da ake nema lokacin tashi shi ne nauyin mota ya koma baya ya danne tayoyin da ke turawa. Saboda haka ake sa shokzoban gaba da ake kira 90/10: yana barin hanci ya ɗaga da sauri, ya sauko a hankali. A baya kuma 50/50, mai ɗagawa da saukowa daidai wa daida. Ana kwance sandar da ke hana gaba tangaɗi a kwana, don tana riƙe hancin. Amma ka sani motar da aka yi wa haka ta zama raguwa a kwana da wajen taka birki. Wanda zai riƙa hawa titi da ita gara ya sayi shokzoba mai saiti, ya sassauta a fili, ya ɗaure a hanyar gida.

Mataki na huɗu: aksul da lissafin giya

Daga 1986 Mustang 5.0 tana zuwa da aksul ɗin Ford mai inci 8.8, kuma yana da ƙwari. Rauninsa sandunan ciki ne masu haƙori 28. A mayar da su masu 31, a sa difaranshal mai kulle tayoyin biyu su juya tare. Ɗaya na juyi ɗaya na kallo, asara ce. Masu manyan injina sukan koma aksul ɗin Ford mai inci 9, wanda har a ƙarƙashin Chevrolet za ka same shi, ko Dana 60.

Giyar cikin aksul ta kamfani, a mota mai giyar hannu, 2.73 ce ko 3.08, an zaɓe ta don tsimin mai. Ta tsere ana lissafa ta ne, ba a cinka. Ka ɗauki gudun da kake sa ran fita da shi a mil a awa, ka ninka da lambar giyar, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya a inci. Abin da ya fito shi ne juyin injin a minti lokacin da kake tsallake layin ƙarshe a giya ta huɗu. Misali gudun mil 110 da taya mai inci 26: giyar 4.10 za ta ba ka juyi kusan 5,800, giyar 3.73 kuma kusan 5,300. Ana so ka tsallake layin injin na daidai inda ƙarfinsa ya ƙure ko ya ɗan gota. Injin da bai sha gyara ba numfashinsa kan ƙare tun kafin 5,500, don haka 3.73 ta fi masa. Wanda aka canja wa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da kan silinda zai so 4.10. Idan kuma kana da niyyar sa turbo, na'urar da ke cusa wa injin iska, nan gaba, kada ka yi gaggawar sa giya mai yawa, turbo na son a ba shi kaya ya ja.

A ɗaura zoben ƙarfe ya kewaye farfela daga gaba. Idan ta tsinke ba zoben, kanta zai caki ƙasa ya ɗaga motar.

Mataki na biyar: giyabos

Giyar hannu ta T5 mai giya biyar da motar ta zo da ita tana da daɗi, amma ba ta jure taya mai kamawa da injin mai ƙarfi, giya ta uku ce ke fara tafiya. Mai son giyar hannu ya koma giyabos na kamfanin Tremec, da kuloci mai ɗan sassauci. Kulocin da ke kamawa gaba ɗaya kamar tarko kayan baya yake karyawa.

Gaskiya dai atomatik ta fi cin tsere, domin abin da ta yi ɗazu shi za ta yi anjima. 'Yan Ford na sa C4, 'yan Chevrolet TH350 ko TH400, 'yan Dodge 727, masu ƙarfin gaske kuma Powerglide mai giya biyu kacal. Sirrin atomatik yana cikin kanbata, tulun man da ke tsakanin injin da giyabos. Ta kamfani tana kamawa tun injin bai farka ba. Ta tsere tana barinsa ya hau zuwa juyi 3,000 ko 3,500 kafin ta kama, motar ta tashi daga inda injin ke da ƙarfi. Ana zaɓenta ne bisa kamshaf da nauyin mota da giyar aksul, don haka ita da kamshaf tare ake yanke shawararsu. Tana haifar da zafi, a ƙara wa giyabos lagireton mai nasa.

Mataki na shida: rage nauyi

Wannan kyauta ne. Lissafin da aka saba shi ne duk kilo 45 da ka sauke, ka rage kashi ɗaya cikin goma na sakan. Safaya, jak, kujerar baya, kayan sauti, kwamfaresar esi. Batir a mayar da shi but ta gefen dama, cikin akwati a ɗaure, da makunnin kashe wuta a waje bayan mota kamar yadda doka ta ce. Kada ka taɓa ƙarfen da ke cikin ƙofa ko wani abin da ke kare ranka.

Mataki na bakwai: yanzu sai injin

Injin famfon iska ne. Iyakar iskar da ya shaƙa ya fitar, iyakar man da zai iya ƙonawa. Fara da hanyar fita: bututan salansa dogaye masu fitowa daga kowace silinda daban, da bututu mai faɗin inci biyu da rabi zuwa baya. Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, na kamfani digiri 10 ne, da fetur mai kyau ana matsar da shi zuwa 13 ko 14, kana sauraron ƙwanƙwasa. Ka ji ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani, ka mayar.

Babban maƙogwaron da ya shaƙe injin 5.0 shi ne kan silinda na ƙarfe da ya zo da shi. Mai ƙaramin aljihu yakan ciro kan silinda na GT40 daga tsohuwar Ford Explorer. Mai hali ya sayi na alminiyom daga AFR ko Trick Flow, ya samu iska ya kuma rage nauyi a hanci. Kan silinda da kamshaf da bututun shigar iska abu guda ne, a saye su don juna. Ƙaton kamshaf a kan ƙaramin kai ƙara kawai zai ba ka da rawar jiki a tsaye. Kuma kafin a rufe injin a auna tazarar bawul da fistin da yumɓu, kada su gaisa.

Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru. Nozul na kamfani masu lamba 19 a mayar da su 24 ko 30, famfon tanki ya koma mai lita 255 a awa, a saita ƙwaƙwalwar motar ta san da sauyin. Ka sa ma'aunin iska da mai a salansa. Fetur na ƙonewa tsaf a kashi 14.7 na iska bisa ɗaya na mai, amma idan an danne totur har ƙasa ana son 12.5 zuwa 13. Mai ya yi yawa, ka yi asarar ɗan ƙarfi. Ya yi kaɗan, ka narkar da fistin. Wannan haɗi kan kai motar wajen doki 300 da ɗoriya, kuma da bayan da muka riga muka gyara, sakan 12 ya samu.

Mai son ƙari yana iya sa kiranshaf mai dogon zango ya mayar da injin daga girman inci kubik 302 zuwa 347. Sai dai bulok ɗin kamfani yana da iyaka: wajen doki 500 an san shi da tsagewa gida biyu ta tsakiya. Wanda ke hangen wuce nan ya fara da bulok na tsere irin na Dart.

Naitiros, turbo da sufacaja

Naitiros ita ce hanya mafi araha, kuma ita ta fi cika kwandon shara da fistin. Gas ce da idan ta ji zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Salshiyas take rabuwa ta saki iskar oksijin, sai a samu damar ƙona ƙarin mai. Ka zaɓi irin da ke fesa gas da fetur tare. Fara da ƙarin doki 75 ko 100. A ja taimin baya da digiri biyu kan kowane doki 50, a sa fulogi mai sanyi, a riƙe matsin kwalba wajen fam 900 zuwa 950, a kuma haɗa ta yadda ba za ta buɗe ba sai an danne totur har ƙasa kuma injin ya haura juyi 3,000. Kada a taɓa ɗumama kwalbar da wuta. Injinan 1987 zuwa 1992 sun zo da fistin bugaggu masu jure wannan, na 1993 kuwa nasu ya fi saurin fashewa.

Turbo da sufacaja suna cusa iska ne da ƙarfi. Sun fi tsada, ba sa ƙarewa kamar kwalba, kuma suna son mai ya ɗan fi yawa, wajen kashi 11.5 na iska bisa ɗaya na mai. Da yawa a Amurka sun koma man E85 mai yawan etanol saboda yana jure matsi, amma injin na shan kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, sai an faɗaɗa duk hanyar mai.

Ranar fili

Masu duba mota za su fara bi ta kanta: batir a ɗaure, notin taya cikakku, gorar tarar ruwan lagireto, babu yoyo. Kashe esi tun kana layin jira, ruwan da yake ɗigarwa na iya jefa na bayanka cikin shinge.

Akwai wurin da ake jiƙawa da ruwa kafin layin tashi. Mai tayar titi ya kewaye shi. Mai tayar tsere ya shiga, ya ɗan juya tayoyin su jiƙe, ya matsa gaba kaɗan, ya riƙe birkin gaba ya ƙona su. Radiyal daƙiƙa kaɗan ta ishe ta, da hayaƙi ya fito ka saki. Dogon hayaƙi na 'yan kallo ne. Irin wasan motar da ake yi a bukukuwan aure a garuruwanmu, a tsakiyar jama'a, ba shi da alaƙa da wannan, nan tsakaninka da mutane akwai katangar kankare da motar kashe gobara.

Sai ka matso a hankali wajen fitilun da suke kira bishiyar Kirsimeti. Tayar gaba za ta yanke haske na farko, fitilar sama ta kama. Ladabin wurin shi ne ka jira abokin karawarka ya kunna tasa kafin ka ƙara matsawa inci bakwai ka kunna ta biyu. Daga nan fitilu uku masu ruwan ɗorawa za su sauko, rabin sakan tsakanin kowace, sannan kore. Idan ka jira ka ga kore, ka makara. Ana sakin mota ne da ta ukun ta kama, domin kafin ƙafarka da motar su amsa, kore ya zo. Ka riga shi kuma, ja ta kama, an fitar da kai.

Motar ta fara karkata, ɗaga ƙafa, kada ka yi kokawa da sitiyari. Bayan layin ƙarshe ka rage gudu a hankali, kuma wanda mafita ke gefensa shi ke fara juyawa.

Ka riƙe littafi. Kowane gudu ka rubuta iskar taya, juyin da ka tashi da shi, inda ka canja giya, saitin shokzoba, zafin rana. Abu ɗaya ake canjawa a kowane gudu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka kuma yi wa yanayi adalci kafin ka zargi bakanike: iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kauri, injin da ba turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 na tsayi. Shi ya sa motar da ta yi 12.2 da sanyin safiya za ta iya yin 12.5 da azahar ba tare da an taɓa ta ba, kuma shi ya sa lokutan da aka yi a tsohon filin Bandimere da ke kusa da birnin Denba, mai tsayin kusan ƙafa 5,800, ba a gwada su kai tsaye da na filin Gainesville a jihar Fulorida. Tsakanin gudu da gudu ka buɗe bonet injin ya huce, ka ciro fulogi ɗaya ko biyu ka duba. Idan ka ga ɗige-ɗige kamar barkono a kan farin, ƙwanƙwasa ta fara, a ja taimin baya da digiri biyu kafin ka sake shiga layi.